Mita Uku, In Ji Ni

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Likita ya sa hannu yau. Kawu ne zai fara shiga sabon gashin ciwon daji, in awon ranar Asabar ya yi kyau. Na sa "in" ɗin nan ne don kar a ce na cika baki, amma ni a raina an gama.

Shekara shida ke nan ina aiki a ɗakin gashi na asibitin nan. Ni ce mai awo: kafin a kunna wa mai ciwon daji inji, sai na tabbatar hasken da zai shige shi bai yi yawa ba, bai kuma yi kaɗan ba. Kullum wuri guda muke gasawa, wuya ko nono ko mara, faɗin tafin hannu. To ciwon Kawu ba wuri guda yake ba. A fata yake, tun daga ƙeya har dunduniya, jajayen tabo masu ɓarewa, da ƙaiƙayin da ke sa babban mutum hawaye. Magani uku aka gwada, ciwon ko gezau. Abin da ya rage shi ne a gasa fatar gaba ɗaya da ƙwayoyin lantarki, waɗanda kaurin fata kawai suke shiga su tsaya, ba ruwansu da ƙashi ko hanji. Ba a taɓa yin haka a nan ba.

Malam ne ya ce za a yi. Shi ne babbanmu a sashen awo, dattijo mai ciwon gwiwa, mai rigar aiki guda biyu tak, kowacce da tabon biro a aljihu. Wata biyar ya yi yana gina injinmu a cikin kwamfuta, ƙarfe bayan ƙarfe, har iskar ɗakin sai da ya saka, wai ita ma tana karkatar da ƙwayoyin. Sai ya saki miliyoyinsu a ciki, ya ga inda suke zuba. Da haka ya gano yadda za a karkata kan inji, sau ɗaya sama sau ɗaya ƙasa, hasken biyu su haɗu su rufe mutum yana tsaye, kai da ciki da ƙafa duk su samu daidai.

Na ce, "Malam, yanzu ka san inda kowace ƙwaya za ta faɗa?"

Ya ce, "Ko ɗaya ban sani ba, Mai Awo. Amma in suka kai miliyan, halinsu ba ya ɓuya."

Wallahi na so a ce ni na faɗi maganar nan. Nawa aikin kaɗan ne, na auna masa nisan inji zuwa inda majiyyaci zai tsaya, ya zuba a kwamfuta. Mita uku cif. Da ma ƙa'ida ba ta yarda ma'aikaci ya sa hannu a aikin ɗan'uwansa ba, Malam ne ya tsaya min a gaban kwamiti ya ce bai da wadda ya fi yarda da tef ɗin awonta.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na leƙa Kawu a ɗakin kwanciya. Mutumin da ya riƙe ni tun rasuwar babana, kafinta mai hannu kamar guduma, yau Inna matarsa ce ke ɗaure masa hannu da safa don kar ya yage kansa da susa.

Na nuna masa hoton katakon da zai tsaya a ciki. Ya kawo wayar kusa da ido ya ce, "Uwata, wa ya haɗa muku wannan? A kama shi. Ƙusa a inda ya kamata a yi tsaga!" Na kwatanta masa tsayuwa shida da zai riƙa yi, hannu sama, ƙafa a ware, ya juya nan ya juya can don hasken ya samu ko'ina. Ya ce, "Da tsufana za ku koya min rawa." Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji dariyarta na manta.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Bai yi ba.

Ranar Asabar kaɗai injin ke hutawa da marasa lafiya, don haka ita ce ranarmu. Ni da Malam da Injiniya, mai gyaran injin, muka tsayar da mutum-mutumin roba a cikin katakon, muka manna masa guntayen fim arba'in daga goshi zuwa idon sawu. Fim ɗin yana yin duhu gwargwadon hasken da ya sha. Kwamfutar Malam ta ce duk za su fito launi ɗaya. Da muka ɓare su, na ƙirji da na cinya sun yi duhu, na cibiya sun fito fari-fari. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na hasken cibiyar ta rasa.

Injiniya ya ce, "Tabɗi." Ni na fara zagin fim ɗin, na ce tsoho ne, an bar shi a rana. Malam ya tattara su. Ya jera su a tebur bi da bi kamar yadda suke a jiki, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Fim bai san mu ba balle ya yi mana ƙarya. Akwai abin da na gaya wa kwamfuta wanda ba haka yake a ɗakin nan ba." Ya ɗauko takarda ya fara jero duk abin da ya zuba mata, ya kai ashirin da bakwai.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na bakwai a jerin shi ne nisa. Ya tambaye ni a hankali, kamar mai roƙo: "Mai Awo, mita ukun nan fa?"

Ni kuwa da baƙar zuciyata na hau. Na ce, "Haba Malam! Shekara shida ina jan tef a ɗakin nan, yau ne zan kasa ƙirga uku?" Da aka tashi hutun rana na shiga na sake aunawa ni kaɗai, na dawo na dangwara masa tef ɗin a tebur. Uku, ko tsinke bai ƙaru ba.

Ya ce, "Yi haƙuri, tambaya ce." Ya ja layi ya soke na bakwai. Shi ne ma ya ba ni haƙuri, ka ji mutum.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe uku da kwata

Kwamiti ya zauna, na shiga riƙe wa Malam takardu. Shugaban asibiti ya ce Asabar biyu suka rage mana, ta sha biyar da ta ashirin da biyu. In lissafi da fim ba su daidaita ba, a jingine maganar sai masana sun zo daga waje, baɗi ke nan. Likita ya ce fatar Kawu ba za ta kai baɗi a haka ba, ta fara tsagewa, in ƙwayar cuta ta samu hanya shi ke nan. Bai kalle ni ba da yake faɗa.

Wani ƙaramin likita mai ƙamshin turare ya ce me zai hana a ɗan matso da hasken biyu kusa da juna a cike ramin da suka bari a cibiya, a wuce wurin. Malam ya cire tabarau ya ce, "Zan iya cike shi gobe. Amma ban san abin da ya haƙa shi ba. In ban san wannan ba, ban san me kuma ya ɓuya min ba, kuma mutum za a tsayar a gaban injin nan tsirara." Ya ƙara da cewa kuskuren a wurinsa yake, a rubuta haka.

Na fito ina jin kamar in ɗauke shi in goya. Irin mutanen nan ba a yin su da yawa.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe sha biyu da rabi

Injiniya ya buɗe kan inji yau zai canza wani ƙwan fitila.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta abin da na gani.

A tsakiyar ɗakin gashi akwai inda jajayen layukan haske suke haɗuwa. Mahaɗa muke ce mata. A nan ake kwantar da kowane majiyyaci, daga nan muke kama kowane awo, safe da rana, shekara shida. Hannuna da kansa yake kai tef wurin, ba sai na yi tunani ba. To ƙwayoyin ba daga mahaɗa suke fitowa ba. Daga can cikin kan inji suke fitowa, mita ɗaya a bayanta. Wannan ɗan aji ɗaya ma ya sani. Yau da Injiniya ya cire murfin na ga ɗan ramin da suke fitowa ta cikinsa da idona, sai na tuna inda na kama tef.

Kwamfutar Malam daga ramin nan take ƙirga nisa. Ni daga mahaɗa na kama tef, har sau biyu. Uku da ɗaya huɗu.

Injiniya ya ce, "Lafiya? Kin yi wani iri." Na ce yunwa ce.

Na zo ƙofar ofishin Malam na tsaya. Yana ciki yana bin lissafinsa layi-layi da bakin biro, shayinsa ya huce a gefe. Na tuna yadda na dangwara masa tef. Na tuna in na faɗa, kwamiti zai ce ai ga abin da ake gudu, a fitar da ni daga aikin Kawu, kuma shi da ya tsaya min ya ji kunya. Na ce masa sai da safe.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Yau zan faɗa.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Na je na duba ko katakon zai matsu gaba da mita ɗaya ba tare da kowa ya lura ba. A ɗaure yake da ƙasa da noti huɗu, ga gindin gadon majiyyata ya tare hanya. Na gode Allah da bai matsu ba, kuma na ji ƙyamar kaina da na je dubawa.

Ai Malam zai gano da kansa. Mutumin da ya saka iska a lissafi?

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe uku na rana

Bai gano ba, don ya soke na bakwai. Ni na sa ya soke.

Zarginsa ya koma kan allon roba mai kama da gilashi da ake sawa tsakanin inji da majiyyaci don rage wa ƙwayoyin ƙarfi. Ya ce ƙila kaurinsa ba ɗaya ba ne a ko'ina. Ya zana masa gida-gida da alli, ya auna wuri sittin. Na ƙasa-ƙasan sai da ya durƙusa a kan gwiwar nan tasa, na ji ƙararta daga inda nake. Na ce ya bari in yi, ya ce a'a, laifinsa ne, shi zai nemo shi. Ni ce mai rubuta lambobin da yake kira.

Allon lafiyarsa lau. Da muka tashi, ya dafa bango ya miƙe da ƙyar, ya ce da ni da Injiniya, "Ku yafe min, na cinye muku Asabar a banza."

Ban faɗa ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Fatar bayan Kawu ta tsage. Zanen gado ya manne da shi, sai da ma'aikatan jinya biyu suka jiƙa shi da ruwan ɗumi suka ɓanɓare a hankali. Zazzaɓi ya shiga, an sa masa ruwa da allura. Bai yi ihu ba, filo ya ciza.

Inna ta ja ni baranda ta ce, "Wai tsohon nan naku ya ruɗe ne? In ba zai iya ba ya faɗa mana mana, ya bar wasa da ran mutane." Daga ciki Kawu ya jiyo, ya ɗaga murya: "Ke, bar shi. Wanda ya ƙi ba ka aiki don bai gamsu da shi ba, shi ne ma'aikaci. Uwata, ki gaishe min shi."

Na ce to. Na sauko na zauna a matakala na yi kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa, masu wucewa suna min sannu. Tsoro nake ji, da kunya, kuma kunyar ta fi yawa.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na faɗa.

Ko jaka ban ajiye ba. Na ce, "Malam, daga mahaɗa na kama tef." Ya ɗago ya dube ni, bakinsa yana motsi kamar mai ƙirga. Sai ya buga tebur da tafin hannu, har biro ya yi tsalle. "Huɗu! Alhamdu lillahi! Shi ya sa suka rabu a tsakiya, hasken biyu sun yi nisa sun buɗe. Kin gani? Ƙwayoyin nan ba su yi mana rashin kunya ba!" Dariya yake kamar yaro, ya jawo kwamfuta ya goge uku ya sa huɗu. Bai tuna da ni ba ma sai da ya danna ta ta fara aiki.

Sannan ya juyo. "Yaushe kika gane?"

Ƙarya ta zo har bakina. Na ce, "Alhamis."

Dariyar ta ɗauke. Ya dubi kalandar bango. Lissafin kwana biyu yake ci, da Alhamis na faɗa da an auna ranar Asabar, da yau Kawu yana tsaye a gaban inji. Bai faɗi wannan ba, na ga dai idonsa yana bin ranakun.

Ya ce, "Mitar nan tamu ce ni da ke. Ya kamata in je in riƙe miki ɗaya bakin tef ɗin, na tsaya jin nauyin fushinki. Zan rubuta haka. Amma Asabar ɗin nan taki ce, 'yata, ba zan iya ɗaukar miki ita ba." Ya ce in koma ɗakin gashi na biyu, kar in sake taɓa komai na aikin Kawu. Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Rahoton Malam ya zo hannuna, don sai na sa hannu. Shafi ɗaya. Ya fara da nasa laifin, sannan nawa, da ranar da na gane da ranar da na faɗa, ba ƙari ba ragi. A ƙasa ya rubuta cewa daga yau duk awon nisa mutum biyu ne za su yi, kuma a rubuta daga ina aka kama tef. Ya kuma rubuta cewa ni na kawo maganar da bakina ba wanda ya tuhume ni. Ko wannan bai manta ba.

Kwamiti zai kira ni wani satin. Oho, su kira. Zazzaɓin Kawu ya sauka, shi ne labari.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Asabar ta ƙarshe. Ba a gayyace ni ba, na zo na zauna a bencin 'yan rakiya a baranda. Shekara shida ina wuce bencin nan, ban taɓa sanin ƙafarsa ɗaya gajera ba ce. Awa huɗu ina jin ƙarar ƙofar ƙarfe tana rufewa tana buɗewa.

Malam ya fito yana ɗingishi da faranti a hannu, bai nuna mamakin ganina ba. Ya ajiye min shi a cinya. Guntayen fim arba'in, daga goshi zuwa idon sawu, duk launi ɗaya kamar daga ƙyalle guda aka yanko su. Lissafinsa da awo ba su saɓa da abin da ya wuce kashi uku cikin ɗari ba. Mutum ya zauna a ɗan ofis mai fanka ɗaya, ya faɗi inda abin da ido ba ya gani zai sauka a jikin mutum, kuma ya sauka a nan. Kai, Allah ya yi wa bawan nan baiwa.

Ya ce, "Duba da kyau, ko idona ya tsallake wani." Na duba su ɗaya bayan ɗaya, sau biyu. Na ce babu. Ya ɗauki farantinsa ya koma.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

An shiga da Kawu. An rufe masa ido da farce da 'yan guntayen dalma don kare su, aka tsayar da shi a katakon da ya raina. Injiniya ya ba ni labari: wai a tsayuwa ta huɗu hannunsa ya fara rawa, Malam ya kama abin magana ya riƙa tambayarsa yadda ake haɗa ƙofa ba ƙusa, shi kuwa ya manta da gajiya ya hau koyarwa har aka gama. Likita ya ce sati tara za a yi, ƙaiƙayin zai fara lafawa wajen sati na uku.

Inna ta kama hannun Malam a baranda tana sa masa albarka, har da cewa da ma ita ta san zai iya. Ya sunkuyar da kai ya ce amin. Su ba su san komai ba. Ba zai taɓa gaya musu ba, na sani.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Inna ta tafi gida ɗauko kaya, na samu Kawu shi kaɗai zaune a bakin gado. Na durƙusa na gaya masa duka, da tef ɗin, da Alhamis ɗin.

A kan tef ɗin dariya ya yi. "Uwata, katako nawa na yanke gajere a rayuwata? Wuce nan." Da na zo kan shirun, ya daina dariya.

Ya ce, "Kwana nawa ya ja min?"

Na ce, "Sati guda."

"Wanne?"

Na ce wanda ya biyo bayan ranar zanen gadon. Ranar dai da ta zo ko da na faɗa, amma da washegarinta an fara.

Ya daɗe yana kallon hannayensa a cikin safa. Ya ce, "Na san satin. A cikinsa ne na ce wa Innarki ta kira min yara in yi musu magana, ta ƙi." Ban san da wannan ba. Na kife fuskata a katifa.

Na jira ya ce ya yafe. Bai ce ba, kuma ban roƙa ba, don ban ga bakin roƙo ba. Can ya numfasa, ya juya min baya a hankali, ya nuna robar man da Likita ya rubuta masa.

Ya ce, "Tashi ki wanke hannu. Tsakanin kafaɗun nan, Innarki tsoron taɓawa take."

Na wanke, na shafa masa. Wurin da ya tsage bai gama rufewa ba, duk inda yatsana ya bi sai ya ɗan zabura. Bai ce in bari ba, ni ma ban bari ba sai da na kai ƙugu.